Fitilar Jakar Iska Ta Ƙi Mutuwa: Yadda Ake Bin Wayar Gefen Fasinja Har a Kama Laifin

Duk mai rewayan da ya daɗe a gareji ya san wannan buƙata. Mai mota zai tsaya, ya nuna jar fitilar nan mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa, ya ce, "Oga, a kashe min wannan, ta dame ni." Kashe ta kuwa aikin minti goma ne ga wanda bai damu da ran mutane ba. Amma fitilar ba ita ce cutar ba. Sanarwa take yi cewa kwamfutar jakar iska, wadda muke kira eyabag a bakin aiki, ta gwada layinta ta ga abin da bai gamshe ta ba, kuma mai yiwuwa ne ranar da aka yi karo jakar ta ƙi buɗewa. A gefen fasinja, wato kujerar mai zaman banza, wanda abin zai shafa yawanci matar mai motar ce, ko mahaifinsa, ko wani da ya roƙi a rage masa hanya. Shi ya sa nake son in bi aikin da kai daki-daki, ɗan'uwa, yadda nake yin sa da hannuna. Misalaina na Toyota ne, domin Corolla da Camry su suka fi zuwa mana, amma hanyar tunanin ɗaya ce a kusan kowace mota.

Fara da sanin abin da kake taɓawa

Jakar fasinja tana naɗe a cikin dashbod, sama da aljihun ajiye takardu. A bayanta akwai gwangwanin ƙarfe mai sinadarin da ke samar da iskar, kuma a jikin gwangwanin akwai ɗan ƙaramin makunni da ke tayar da sinadarin in wuta ta shige shi. Wayoyi biyu ne ke zuwa ga makunnin daga kwamfutar, wadda a yawancin motoci take ɗaure a ƙasa, tsakiyar mota, wajen giya ko ƙarƙashin rediyo. Motocin da suka fi sabunta suna da makunni biyu a jaka ɗaya, ɗaya na karo mai sauƙi, biyun kuma na karo mai tsanani, don haka za ka ga soket biyu da wayoyi huɗu.

Turjiyar makunnin, wato yadda yake tare wutar da ke bi ta cikinsa, ƙarama ce ƙwarai, tsakanin om 2 zuwa 3 (om shi ne ma'aunin turjiya). Kwamfutar tana tura 'yar wuta kaɗan a layin koyaushe tana auna wannan turjiya. In ta haura, sai ta ce layi ya yanke. In ta faɗi, sai ta ce wayoyi sun haɗe. Ka lura da ƙanƙantar lissafin: tsatsa kaɗan a bakin soket, wadda fitilar gaba ba za ta ma san da ita ba, ta isa ta ƙara om ɗaya ko biyu ta kunna maka fitila. Wannan ne dalilin da ya sa dabarun da muka saba da su a layin hon ko na sigina ba sa aiki a nan.

Wayoyin wannan tsari ana rufe su da rawayar riga, soket ɗinsu ma galibi rawaya ne. Duk inda ka ga rawaya, tsaya ka yi tunani.

Kafin hannu ya shiga

Kashe mota, zare makulli, cire kan batir na negatib, ka naɗe shi da tsumma ko ka tura shi gefe yadda ba zai koma ya taɓa ba. Sannan ka jira. A cikin kwamfutar akwai kapasita mai riƙe wuta domin jakar ta iya tashi ko da batir ya fashe a lokacin haɗari. Toyota ta ce a jira aƙalla daƙiƙa 90, Honda ta ce minti 3. Ni nakan ba ta minti goma, in sha ruwa in dawo, ban taɓa yin asara a wannan jiran ba.

Abubuwa uku kuma haramun ne a kan wannan layi. Na farko, kwan gwaji. Wutar da ke kunna kwan ta isa ta tayar da makunni. Na biyu, ɗora maltimita, wato mitar auna wuta, a kan jakar kanta don auna turjiyarta, domin mita ma wuta take turawa daga batirinta. Na uku, ɗauko wuta daga batir da guntuwar waya don "a ji ko tana aiki". Jakar nan tana fitowa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa ashirin na daƙiƙa, da gudun da kan kai kusan kilomita 320 a awa, kai kuma kanka yana cikin dashbod a lokacin.

In aiki ya kai ga cire jakar, ka ɗauke ta fuskarta na kallon nesa da ƙirjinka, ka ajiye ta a benci fuskarta sama. In ka kifa ta kuma ta tashi, gwangwanin ƙarfen ne zai yi sama kamar an harba shi. Ka nesanta ta da walda da rana mai zafi, ka kuma gaya wa yaran gareji kada kowa ya taɓa.

Mataki na farko: kalli fitilar, ka tambayi mai mota

Murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba. A mota lafiyayya fitilar za ta kama na kimanin daƙiƙa 6 sannan ta mutu. In ta tsaya a kunne, akwai laifi. In ba ta kama ba ko kaɗan, wannan ya fi muni, domin sau da yawa wani ne ya riga ka: ya cire kwan, ko ya liƙe shi da baƙin tef ta ciki. Akwai ma masu haɗa ta da fitilar mai, yadda za ta kama ta mutu tare da ita. Ana gane wannan cikin sauƙi. Fitilar jakar iska ta gaskiya tana mutuwa da kanta ko ba a tayar da inji ba, ta jabu kuwa sai inji ya tashi.

Sai tambaya, kuma kada ka yi ƙyashin lokacinta. Yaushe ta fara? An kai motar wajen mai AC kwanan nan? An sa sabuwar rediyo mai allo, ko na'urar bin sawun mota? An cire kujeru an wanke kafet? An shiga ruwa da damina? Motar ta daɗe a ajiye? Kowace amsa tana nuna maka ƙofa. Mai AC da ya sauke dashbod don canza ibaporeta, wato sashen da ke sanyaya iskar, yakan manta soket ɗin jakar ko ya tura shi rabi. Mai wanki yakan cika ƙasan mota da ruwa, kwamfutar kuma a ƙasan take. Motar da ta kwana biyu a ajiye kusa da buhunan hatsi, ɓera ya riga ka ziyartar wayoyinta. An taɓa kawo min wata Corolla da aka riga aka saya wa kwamfuta har sau biyu a wani wuri, kuma da na tambaya sai mai ita ya ce tun ranar da aka gyara masa sanyi fitilar ta kama. Soket ne kawai ba a danna makullinsa ba.

Auna batir ma tun yanzu. Batir mai rauni ko caji maras kyau yana iya sa kwamfutar ta ajiye lambar laifi. Duba fiyus ɗin da ke ba ta wuta. Wannan ba ya ɗaukar minti biyar.

Mataki na biyu: karanta lambar laifi

'Yar ƙaramar na'urar nan mai arha da ake haɗawa da wayar hannu, yawancinta inji kawai take karantawa. Kana buƙatar sikana, wato na'urar karanta laifin mota, mai shiga sashen jakar iska da ake kira SRS, irin su Launch ko Autel, ko Techstream in Toyota ce. Rubuta lambobin a takarda kafin ka goge komai, ka kuma bambance wadda take nan yanzu da wadda tarihi ce.

A Toyota, layin makunnin fasinja na farko yana da lambobi huɗu a jere. B1805 na nufin wayoyin biyu sun haɗe da juna. B1806 layi ya yanke. B1807 waya ta taɓa ƙarfen jikin mota. B1808 waya ta taɓa layin wuta. Makunni na biyu yana da B1815 zuwa B1818 a kan wannan tsari. Tsofaffin Toyota suna ba da B0105 zuwa B0108. A wasu motocin za ka ga B0010 ko B0011 da ƙarin lamba a baya, inda 13 ke nufin yankewa, 11 taɓa jikin mota, 12 taɓa wuta.

Lambar ba ta ce maka jakar ta lalace ba. Ta ce maka a wani wuri tsakanin kwamfuta da makunni akwai matsala iri kaza. Wurare uku ne: jakar, wayar da soket-soket ɗinta, ko kwamfutar. Sauran aikin duka raba su ne ɗaya bayan ɗaya, kuma a abin da na gani waya da soket su ne masu laifi a mafi yawan lokuta.

Mataki na uku: ido kafin mita

Batir a cire, ka jira. Sauke aljihun dashbod, ka haska tocila sama. Za ka ga rawayar waya ta nufi jakar. Duba makullin soket ɗin, domin irin waɗannan suna da kulle biyu: ana tura soket, sannan a danna ɗan maballin da ke kansa. Ɗaga maballin da siririn sukundireba a hankali, robar takan bushe da zafin ƙasarmu ta karye. Zare soket ka dubi ƙafafun. Kore-kore ko fari-fari alamar ruwa ne. Ƙafar da ta lanƙwashe ko ta koma baya ita ma laifi ce.

A nan akwai wani abu da matasa da yawa ba su sani ba. A cikin soket na gefen jakar akwai ɗan siririn ƙarfe da ke haɗe ƙafafun biyu da zarar an zare, don kada wata wuta ta ɓata hanya ta tayar da makunni. In an mayar da soket ya shiga sosai, robarsa ce ke ture ƙarfen gefe. To in soket bai zauna daidai ba, ko robar da ke turewar ta karye, ƙarfen zai ci gaba da taɓa ƙafafun, kwamfuta kuma ta rubuta B1805. Mutum sai ya kwana yana neman inda waya ta goge, alhali laifin yana bakin soket.

Bi wayar da yatsa har inda hannu ya kai. Nemi inda ta goga da ƙarfen da ke riƙe dashbod, inda sukurun rediyo ya huda ta, inda aka taɓa yanka aka murɗe aka naɗe da tef. In ka ga kullin tef mai kauri a kan rawayar waya, warware shi. Sau da yawa a ciki za ka tarar da rezista, wato ɗan abin da ke kwaikwayon turjiyar makunni, kuma in ka leƙa sama sai ka ga gidan jakar wayam. Motar haɗari ce aka shigo da ita, aka gyara fuska, aka yaudari kwamfuta. In ka tarar da haka, kira mai motar ya gani da idonsa.

Mataki na huɗu: raba jakar da wayar

Ana yin wannan da rezistan gwaji mai madadin jakar. Wanda Toyota ke amfani da shi om 2.1 ne, na Honda om 2. Mafi kyau ka sami wanda ke da soket irin na motar, don kada ka cusa ƙafar rezista mai kauri ta buɗa bakin soket ka ƙirƙiro sabon laifi. Batir a cire, zare soket ɗin jakar, sa rezistan a gefen wayar mota. Mayar da batir, murɗa makulli, jira minti ɗaya, goge lambobi, kashe, sake kunnawa, jira minti ɗaya, ka karanta.

In lambar ta tafi, waya da kwamfuta lafiyarsu ƙalau, laifin yana jikin jakar ko bakin soket ɗinta. In ta dawo, jakar ba ta da laifi, ka ci gaba.

In laifin mai zuwa ne yana tafiya, fitila ta kama yau a kan gargada gobe ta mutu, wannan ne lokacin kama shi. Da rezistan a wurin, jakar kuma a zare, buɗe bayanan kai-tsaye a sikana, ka riƙa girgiza wayar gaɓa-gaɓa kana kallon allo. Inda adadin ya yi tsalle ko lambar ta faɗo, nan ne.

Rezistan kayan gwaji ne. Yana fita daga motar kafin motar ta fita daga gareji.

Mataki na biyar: auna wayar ita kaɗai

Cire batir, jira, ka cire rezistan, ka zare soket ɗin kwamfutar. Yanzu wayar ba ta haɗe da jaka, ba ta haɗe da kwamfuta, kuma sai yanzu ne mita ta halatta. Yi amfani da maltimita ta zamani mai lambobi. Haɗa bakunanta biyu tukuna ka ga abin da take nunawa, wataƙila 0.2 ko 0.3, ka riƙe shi a kai don ka cire daga lissafi. Taɓa ƙafafun soket a hankali, kada ka cusa.

Soket na gefen kwamfuta shi ma yana da irin ƙarfen haɗewar nan, kuma wannan taimako ne. Da ka zare shi, ya haɗe maka ƙarshen wayoyin biyu. Don haka in ka auna tsakanin wayoyin daga gefen jakar, dole ka ga ƙasa da om 1. In ka ga fiye da haka, ko mita ta nuna babu hanya, layi ya yanke ko wani soket a tsakiya ya yi tsatsa. A Toyota da yawa akwai gajeriyar waya tsakanin jakar da babbar wayar dashbod, sai ka zare ta ka auna kowane ɓangare daban har ka ware mai laifin.

Don gwada ko wayoyin sun haɗe da juna, sai ka raba wancan ƙarfe da ƙafafun. Yanki 'yar takarda mai tsafta, wadda kaurinta bai wuce na ƙafar soket ba, ka zura tsakani. Yanzu mita ta nuna megaom 1, wato om miliyan ɗaya, ko sama. Sannan auna kowace waya da ƙarfen jikin mota, nan ma megaom 1 ko sama. Na ƙarshe, taɓa wuta: kwamfuta da jaka duka a zare, mayar da batir, murɗa makulli, auna kowace waya da jikin mota a ma'aunin volt. Ƙasa da volt 1 ake so. Ka cire batir kuma, kada ka manta takardar a ciki.

In duk huɗun sun fita daidai, rezista kuma bai kawar da lambar ba, sai a lokacin ne za ka zargi kwamfutar. Duba gindinta ko ruwa ya kwanta. Kada ka taɓa haɗa mata soket alhali ba ta ɗaure a mazauninta, domin a cikinta akwai na'urar jin karo, kuma girgiza ta a hannu da wuta a jiki na iya zame mata haɗari.

Gyaran kansa

Toyota da Honda sun ce ba a ɗinke wayar jakar iska, canza ta ake yi. General Motors ta yarda da haɗi, amma da mahaɗi na musamman da ake matsewa da filaya ta musamman, a gasa rigarsa ta liƙe ta hana ruwa shiga. Na san halin da muke ciki, sabuwar wayar dashbod ba ta samuwa a kowane lungu. Abin da nake yi shi ne in nemi ɓangaren wayar gaba ɗaya, daga soket zuwa soket, daga motar da aka farfasa iri ɗaya da shekara ɗaya. A Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, in ka yi haƙuri kana samu. Auna ta da gwaje-gwajen nan kafin ka biya. In ƙafa ɗaya ce ta lalace, a canza soket ɗin da jelarsa in kamfanin motar ya amince da haka, kuma ta hanyar da ya tsara.

Murɗe waya da hannu a naɗe da tef gyaran gangar Auzinawa ne. Zai kashe fitila yau, bayan damina ɗaya ya yi tsatsa, kuma ba wanda ya san ko zai ɗauki wutar tayar da makunni a ranar da ake buƙata. Haka zuba giris ko man inji a soket. Wanke shi da feshin wanke soket, a bar shi ya bushe. In wayoyin biyu a murɗe suke da juna tun daga kamfani, ka bar su a murɗe, ka mayar da waya kan hanyarta ta asali da maƙalanta.

In jakar ce ta lalace, ba a buɗe ta, ba a gyara ta. Kuma kafin ka sayi ta hannu, ka san labarin Takata. Kamfanin Japan ne da ya yi amfani da sinadarin amoniyam naitret a gwangwanayensa, wanda zafi da laima na shekaru ke lalatawa har gwangwanin ya tarwatse ya watsa ƙarfe a fuskar mutum. An janye kimanin jaka miliyan 67 a Amurka kaɗai, wato an kira masu motocin su kawo a canza musu, kamfanin kuma ya durƙushe a 2017. Corolla ta 2003 zuwa 2008 da Accord ta 2003 zuwa 2007 suna cikin waɗanda abin ya shafa a gefen fasinja, su ne kuma suka cika titunanmu, a ƙasa mai zafi. In motar daga Amurka ta zo, sa lambar shasinta mai harufa da lambobi 17 a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, ka ga ko akwai janyewar da ba a yi ba.

Kujerar ma tana cikin lissafi

Motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga tsakiyar shekarun 2000 suna da ma'aunin nauyi a kujerar fasinja. In ƙaramin yaro ne a kai, tsarin yana kashe jakar, ka ga rubutun PASSENGER AIRBAG OFF ya kama. Wannan ba laifi ba ne. Laifi shi ne babba ya zauna rubutun ya ƙi sauyawa, ko ka ga B1650 a Toyota. Leƙa ƙarƙashin kujera. Wayoyin nan suna shan wahala: ana tura kujera gaba da baya, ana cusa takalma da gorar ruwa, na baya yana tokare su da ƙafa. A motocin haya da ake ɗora mutum biyu a gaba kuwa, ma'aunin kansa yakan gaji. Bayan an cire kujera ko an canza wani abu a jikinta, Toyota na buƙatar a sake saita sifirin ma'aunin da sikana, kujera babu komai a kai, mota a shimfiɗaɗɗen wuri, sannan a ɗora nauyin kilo 30 a tabbatar allo ya nuna tsakanin 27 da 33.

Motocin Turai, waɗanda muke kira Beljiyam, da yawansu makulli ne da su a gefen dashbod ko cikin aljihunsa. Duba ko wani ya murɗa shi zuwa kashe kafin ka kwance komai.

Haɗawa da gwajin ƙarshe

Batir a cire, mayar da soket ɗin kwamfuta, sannan na jakar, ka ji ƙarar shigar kowanne, ka danna makullinsa. Ƙirga kayanka: rezista yana hannunka, takarda tana hannunka. Mayar da batir babu kowa a cikin mota. Karon farko ka murɗa makulli daga waje, ta tagar direba, jikinka ba ya gaban sitiyari ko dashbod. Fitila ta kama, ta yi daƙiƙoƙinta, ta mutu. Goge tsofaffin lambobi, kashe ka kunna sau uku, ka fita da motar kan hanya mai gargada, ka sa wani babba ya zauna a gaba ka ga rubutun kujera ya sauya. In kun dawo ka sake sa sikana. Sannan ka rubuta wa mai motar lambar da ka tarar, abin da ka canza, da ranar, ya ajiye tare da takardun motarsa.